Tsatsa Mai Sahu

A ƙauyenmu na bayan Kockor, in kana sauri kada ka kuskura ka tambayi Toktosun lafiyar motarsa. Gara ka tambaye shi lafiyar iyali, wannan da kalma biyu zai sallame ka. Zancen mota kuwa sai shayinka ya huce, sai wanda ya aike ka ya biyo sawunka.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan motar ɗaukar marasa lafiya a kan duwatsun nan, kuma a faɗarsa ko sau ɗaya ba a taɓa janyo shi da igiya ba. Yana ajiye aiki Allah ya haɗa shi da Bajamushiya. Wata doguwar farar mota ce irin mai ɗaki a ciki, da gado, da murhun gas, da tankin ruwa, har da ɗan tebur mai naɗewa. Wasu Jamusawa mata da miji ne suka taho da ita yawon duniya, ta mace musu a tsakiyar hawa. Suka yi faɗa, suka yi kuka, daga ƙarshe suka bar wa Toktosun ita a kan dardumar gashin tumaki biyu da alkawarin kai su babban birni, Bishkek. Kwana tara ya yi kwance a ƙarƙashinta kafin ta tashi. Shekara goma sha tara ke nan, kuma tun daga ranar kunnuwanmu ba su huta ba.

A bakin kantin ƙauye yake kafa majalisarsa, ya ɗaga yatsa kamar mai huɗuba. Kafin ƙanƙara ta sauka a zubar da ruwan tanki kaf, in ba haka ba tiyo ya daskare ya fashe. A cire batir a shigar da shi ɗaki kusa da murhu, a ba shi wurin da ake ba baƙo. A ɗora motar a kan itace kada tayoyi su gaji da tsayuwa su tsage. Tiyon gas a shafa masa ruwan sabulu, in ya yi kumfa a canza shi ranar, sai fa in mutum yana marmarin ganin kakanninsa. Ɓeraye kuma a toshe musu kowace kafa, don wayar wuta ta fi musu alkama daɗi. Amma duk wannan sharar fage ce. Babban karatun shi ne gishiri.

"Gishirin nan da ake watsawa a titi lokacin sanyi," in ji shi, "shi ne ajalin mota. Duk wanda ya bar gishiri ya kwana a jikin ƙarfe, a ƙwace masa lasisi a ba shi jaki. Kuma a riƙa leƙa jakin."

Abu ɗaya ne ya gagari Toktosun, shi ne rufin Bajamushiya. Yoyo yake yi. Duk shekara idan zafi ya shigo, shi da matarsa Burul sukan hau jailo, makiyayarmu ta can saman dutse, su yi wata uku da goɗiyoyinsu suna tatsa. A cikin motar suke kwana, kuma da an soma ruwa sai ɗigo ya sauko, yau a kan gado, gobe a cikin tukunya. Ya yi faci da kwalta, ya yi da danƙo, ya yi da fenti a kan fenti har rufin ya yi kauri kamar ɓawon gurasa. Ya zagi Jamusawa, ya zagi hankaki, ya zagi ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwa. Har maƙwabcinsa Orozbek mai walda ya ɗora wa laifin, wai da ya gyara masa maɗaurin kaya ne ya ƙona ƙarfen, suka shekara biyu ba ko gaisuwa.

Bara Burul ta sauko daga jailo da tarin da bai sake ta ba sai tsakiyar sanyi, ga gwiwoyi da dama can sun daɗe suna yi mata gardama. Ɗansu Kanat, wanda yake aikin awon filaye a Bishkek, ya kira a waya, bai ko tsaya doguwar gaisuwa ba. Ata yake ce wa uban, uwar kuma Apa.

"Ata, Asabar ta ƙarshen Mayu zan zo da kaina. Zan hau rufin nan in juye bokiti goma. In ɗigo ɗaya ya sauka ciki, Apa ba ta hawa jailo, Bishkek za ta biyo ni ta huta."

"Kai yanzu ni za ka koya wa mota?"

"Ba mota nake koya maka ba, Ata. Uwata nake nema wa busasshen wurin kwana."

Toktosun ya ajiye wayar yana ta faɗa shi kaɗai, amma faɗan na baki ne. Tsoro ne ya kama shi. Ya san gidan Kanat, bene na tara, taga ɗaya tana kallon bangon wani benen. Ya kuma san tsofaffin ƙauyen nan da aka ɗauka su je su huta na wata uku, babu ko ɗaya da ya sake ganin jailo. Shekara arba'in da huɗu bai taɓa hawa dutsen nan ba tare da Burul ba, bai ma san a wace jaka take ajiye ganyen shayi ba.

Saboda haka bana ya ce ba faci. Ya hau da wuƙa da burushin ƙarfe, ya kwana uku yana kankare kwaltar shekara da shekaru har ƙarfe ya fito tsirara. Da hantsin rana ta uku ya miƙe ya share gumi, ya dubi aikinsa daga tsaye.

Tsatsar ba a warwatse take ba yadda tsatsar Allah take. Zagaye-zagaye ce, kowanne kamar gindin kofin shayi, a jere reras. Ya ƙirga, sahu bakwai, kowane sahu goma sha biyu. Ya durƙusa yana shafawa, sai yatsansa ya taɓo wani abu maƙale a ƙarƙashin maɗaurin kaya. Ya zaƙulo shi da wuƙa. Wani ɗan farin dunƙule ne mai tauri kamar tsakuwa, da gurbin babban yatsa a gefe guda. Ya kai shi bakinsa ya lasa. Gishiri ne zalla da tsamin nono.

Kurut ne, cukun nan namu da ake dunƙulawa da gishiri a shanya a rana. Gurbin yatsan kuwa ko a cikin buhu dubu zai gane shi.

Ya sauko ya tarar da Burul a kicin tana kwaɓa fulawa. Ya dangwarar da dunƙulen a gabanta.

"Mene ne wannan?"

Ta leƙa. "Kurut ne. Idon naka ma ya fara tafiya?"

"A rufin Bajamushiya na same shi."

"To, hankaka ne ya kai."

"Hankaka mai ilimin lissafi? Sahu bakwai, sha biyu-sha biyu?"

Burul ta ci gaba da murza ƙullunta kamar ba da ita ake ba. Can ta ce, "Da sha uku ne. Na bakin ne suke gangarowa ƙasa, na rage."

Toktosun ya nemi kujera ya zauna. Ita kuwa ta zayyana masa komai ba ko kunya, kamar tana ba shi labarin bikin wasu. Da ya hau doki ya kora goɗiyoyi sama da safe, sai ta hau tsanin bayan motar da bokitinta. Ƙarfen rufin zafi yake ɗauka, abin da zai yi mako a kan tabarma kwana uku ya bushe. Kare ba ya kaiwa, akuya ba ta kaiwa. Kafin la'asar ta kwashe ta share wurin. Shekarar farko ruwan gishirin ya bar mata tabo, ta ga jerin ya yi kyau, sai ta riƙa bin gurbin duk shekara. Inda ya shafa kwalta ma ta ɗan kankare, don kwalta tana sa wa kurut wari.

"Shekara goma sha biyu ina zagin Jamusawa!"

"Ba su ji ba."

"Na yanke gaisuwa da Orozbek shekara biyu!"

"Ya huta."

"Ke tsohuwa, kin san me kika yi kuwa? Gishiri! A kan ƙarfe! A gidana!"

"Wa yake cika aljihu da shi in zai hau doki? Wa ya tashi a gaban surukai ya ce duk lardinmu na Narin babu mai hannuna a kurut? Ka ci rufin motarka da bakinka, Baban Kanat, har kana neman ƙari."

Ya buga tebur. Ya ce wallahi sai ya gaya wa Kanat, sai ya gaya wa Orozbek, sai ya tsaya a bakin kanti ya gaya wa duk ƙauyen cewa ba gyaransa ne ya gaza ba, zagon ƙasa aka yi masa daga cikin gida. Sai a lokacin Burul ta tsame hannunta daga ƙullun ta dube shi.

"Gaya masa. Ka ce uwarsa mai ciwon gwiwa tana hawa tsani mai taki takwas da bokiti a hannu, sau biyu kullum, babu kowa a kusa. Ba sai ya wahala da ɗebo ruwa ba, ranar zai sa ni a mota." Ta mayar da hannunta cikin kwanon. "Sunanka dai zai wanku tas."

Toktosun ya miƙe. Ya ɗauki dunƙulen ya jefa a aljihu ya fita.

Dabarar da ta zo masa mai sauƙi ce. Zai sa Orozbek ya shimfiɗa sabon farantin ƙarfe a kan rufin gaba ɗaya, a yi masa walda a shafe da fenti kafin Asabar, ba wanda zai ga abin da ke ƙasa. Ya rufe rufin da tsohon bargo, ya haɗiye girman kansa ya je ya yi wa Orozbek sallama. Orozbek ya ce Laraba. Larabar mai walda kuwa kowa ya san Juma'a ce. Ranar Juma'a da hantsi ya iso da farantin a bayan tarakta, mutum biyar suka biyo shi don su kama, ko dai don su yi kallo. Ana cikin sauke farantin sai ga motar Kanat ta shigo tsakar gidan. Ya sami hutun kwana ɗaya, ya ce bari ya zo da wuri ya taimaka.

Kafin uban ya gama cewa a zo a sha shayi tukuna, Kanat ya hau tsani da takalminsa na birni, Orozbek yana biye. Suka yaye bargon. Mutumin da aikinsa awon filaye ne ba sai an nuna masa layi ba.

"Ata," in ji Kanat daga sama, "yaushe tsatsa ta fara yin sahu?"

"Af!" in ji Orozbek. Ya riƙe ƙugu ya leƙo ƙasa wurin Toktosun. "Toke, zo ka nuna mini. Shekara biyu kana cewa waldata ce. A wace ƙasa walda take yin ƙwai tamanin da huɗu? Yau sai ka faɗa mana abin da ya ci rufin nan, ga shaidu."

Toktosun ya tsaya tsuru-tsuru. Gaskiyar tana cikin aljihunsa, yana jin taurinta a cinyarsa. In ya fito da ita ya ɗaga sama, shi ke nan, ya wanku har abada, a ci gaba da sauraronsa a bakin kanti. Sai ya ji ƙarar ƙofa. Burul ce ta fito tana goge hannu a gaban rigarta, tana ɗingishin da take ɓoyewa in ɗanta yana nan.

"Kanat, ɗana," ta ce, "sauko in gaya maka..."

"Ni ne!" in ji Toktosun, da ƙarfin da ya sa kaji suka watse.

Kowa ya juyo.

"Ni na yi. Gishiri na zuba." Ya nuna rufin. "Duk shekara ƙanƙara takan taru a rufin, ina tsoron nauyinta. Sai in hau in ɗora gishiri cokali-cokali, a jere, don ta narke."

Daga nan Orozbek ya zauna daɓas a kan rufin, ya riƙe ciki, dariya ta hana shi numfashi. Na ƙasa suka ɗauka. Wani ya jingina da tarakta yana share hawaye.

"Gishiri!" in ji Orozbek da ya samu ya yi magana. "Toke da gishiri! Jama'a, wa yake da jaki? A kawo wa malam, kuma a riƙa leƙa jakin!"

Toktosun ya tsaya a tsakiyarsu kunnuwansa suna zafi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba wasa ba. Shekara hamsin ya yi yana gina sunan nan, ga shi ya rushe shi da kansa kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kanat kaɗai bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya ɗora tafin hannunsa a kan zagaye ɗaya, ya daɗe yana kallon girmansa. Duk kaka buhu guda na kurut yake isa gidansa a Bishkek, ya san girman dunƙulen gidansu. Ya ɗago ya dubi tsanin, ya dubi uwarsa. Burul ta tura hannuwanta ƙarƙashin gyalenta, ta shiga kallon kaji kamar yau ta fara ganinsu.

"To, Ata," in ji Kanat a hankali. "Kada a sake."

"Ba za a sake ba."

Orozbek ya yi waldar yana yi yana dariya, amma ya yi ta da kyau, don farin ciki ya sa ya ƙara zagaye biyu kyauta. Toktosun ya bi kowace gaɓa da danƙo. Washegari Asabar aka shimfiɗa jaridu a cikin motar, Burul ta zauna a tsakiya da kofin shayinta kamar alƙali. Kanat ya juye bokiti goma, ya ƙara biyu na mugunta. Ya sauko ya shiga ya bi jaridun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A bushe suke ƙayau.

Ya fito ya ce a ba shi sifana mai lamba goma sha uku. Ya zagaya bayan Bajamushiya ya kwance tsanin, noti huɗu, ya ɗaure shi a saman motarsa.

"Me za ka yi da tsanina?" in ji uban.

"Ina da rufi a Bishkek."

"A bene na tara?"

"Akwai na goma a samansa, Ata." Ya rungumi uwarsa, ya daɗe bai sake ta ba. Da zai shiga mota ya ce, "Apa, buhuna na kaka kada ya ragu. Yadda za ku yi kuma ku kuka sani."

Kwana goman da suka rage kafin hawa, Toktosun bai leƙa bakin kanti ba sai sau ɗaya, da ashana ta ƙare. Mai kantin ya tare shi da fara'a, ya ce sabon buhun gishiri ya iso, a ajiye masa nawa? Wani da batirinsa ya mutu ya wuce shi ya je ya tambayi Orozbek, mutumin da bai san kan batir daga gindinsa ba. Toktosun ya karɓi ashanarsa ya dawo gida.

Ranar hawa Bajamushiya ta yi halinta. Sau biyu lagireto ya tafasa, suka tsaya suka jira ta huce, sau ɗaya giya ta ƙi shiga sai da aka lallashe ta. Da azahar suka iso jailo, goɗiyoyin da aka koro tun jiya suna can suna kiwo. Amma Toktosun bai tsaya a shimfiɗaɗɗen wurinsu na bakin rafi ba. Ya wuce can gaba inda ruwa ya taɓa zaftare gefen tudu ya bar gaɓa a tsaye, ya shiga yin gaba da baya, gaba da baya, yana leƙe ta taga.

"Kai tsoho, lafiya? Nan ai nesa da ruwa ne."

"Ni zan ɗebo."

"Kai? Yaushe rabonka da bokiti?"

Bai kula ta ba sai da ya manna motar da gaɓar, ya ja birki, ya sa duwatsu a tayoyi. Sannan ya kama hannunta suka zagaya ta kan ciyawa, hawa mai sauƙi wanda ko gwiwarta ba ta yi ƙorafi ba. Da suka kai sama sai ga rufin Bajamushiya daidai da ƙafarsu, fari tas yana ɗaukar rana. Taki ɗaya ne daga ciyawa zuwa ƙarfe.

Burul ta tsaya tana kallo. Ba ta ce ta gode ba, ba halinta ba ne, amma ta ja gefen gyalenta ta goge hanci.

Bayan kwana huɗu nonon farko ya tsane, ta dunƙula cike da bokiti. Toktosun bai kora goɗiyoyi da wuri ba ranar. Ya biyo ta da tabarmar kara a hammata, ya shimfiɗa a kan rufin ya daidaita gefenta.

"A kan wannan za ki jera. Doka ce."

"Tabarma ba ta ɗaukar zafi. Sai ya yi mako, ya yi tsami."

"Burul, gishiri da ƙarfe..."

"Ji mai magana. Mutumin da duk ƙauye ya san yana zuba wa rufi gishiri da cokali, shi zai koya mini?"

Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa farantin Orozbek da bayan yatsa, ya saurari amonsa. Rufin Jamusawa siriri ne kamar gwangwanin madara, duk da haka sai da ya shekara bakwai kafin ya fara ɗiga. Wannan ya ninka shi uku a kauri. Ya yi lissafin a zuci. Shi yana da shekara saba'in da ɗaya, ita sittin da bakwai. Ya sake lissafawa, amsar ba ta canza ba.

Ya naɗe tabarmar ya jefa ta kan ciyawa.

"Jera abinki a kan ƙarfen."

"Zai huje fa," in ji Burul.

"Zai huje," ya ce. "Ba a kanmu ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙa masa bokitin ya riƙe mata, ta durƙusa a hankali ta fara jerawa, sha uku-sha uku.